Yadda Aka Tsara Majalisar Ministocin Tafawa Ɓalewa, 1957 Zuwa 1966

Wani mai karatu ya aiko da tambaya: su wane ne ministocin gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta yaya aka raba musu ma'aikatu, kuma me ya sa duk jerin sunayen da ya samu sai ya ga ya saɓa da wanda ya gani a baya?

Malam, jerin suna saɓawa ne domin ba majalisa ɗaya ba ce. Sau uku Ɓalewa ya kafa majalisar ministoci: a watan Agustan 1957 lokacin da ya zama Firayim Minista, a watan Disamban 1959 bayan babban zaɓe, sannan a farkon 1965 bayan zaɓen da ya kusa wargaza ƙasar. Tsakanin waɗannan kuma an yi ta sauye-sauye saboda mutuwa, naɗin sarauta da rigimar jam'iyyu. Saboda haka duk jerin da aka ba ka babu shekara a kansa, ka ɗauka rabin bayani ne. Kuma tun da wuri ka riƙe abu ɗaya, domin shi ne zai warware maka sauran: kujerun wannan majalisa ba Firayim Minista ne ya zauna shi kaɗai ya raba su ga waɗanda ya ga dama ba. Rabo ne tsakanin jam'iyyu uku waɗanda kowacce ƙarfinta yana cikin yanki guda, kuma shugabanninsu na ainihi galibi ba a Ikko, babban birnin tarayya na lokacin, suke zaune ba.

Asalin wannan al'ada ya girmi Ɓalewa a kujerar Firayim Minista. Tsarin mulkin Macpherson na 1951 ya ba kowane yanki ministoci 4 a tsakiya, jimla 12, tare da manyan ma'aikata Turawa 6 a ƙarƙashin Gwamna. Huɗun Arewa a 1952 su ne Ɓalewa a ma'aikatar ayyuka, Muhammadu Ribaɗu a albarkatun ƙasa, Shettima Kashim Ibrahim a jin daɗin jama'a, da Sarkin Katsina Usman Nagogo wanda ba shi da ma'aikata. Tsarin Lyttelton na 1954 ya mayar da su 3 daga kowane yanki da 1 daga Kudancin Kamaru. A zaɓen tarayya na wannan shekara NCNC, jam'iyyar Nnamdi Azikiwe mai ƙarfi a Gabas, ta yi rinjaye a Gabas da Yamma duka, sai ta samu ministoci 6, NPC, jam'iyyar Ɓalewa mai mulkin Arewa, kuwa 3, alhali NPC ta fi ta yawan kujeru a majalisar wakilai. Tun daga nan jam'iyyun biyu suka saba zama teburi ɗaya ba don ra'ayinsu ya zo ɗaya ba. Da Ɓalewa ya hau a 1957 ya jawo AG, jam'iyyar Obafemi Awolowo mai mulkin Yamma, ciki domin a tunkari 'yancin kai da murya ɗaya: Samuel Ladoke Akintola ya riƙe sadarwa da jiragen sama, Ayo Rosiji ya riƙe lafiya. Wannan ce kaɗai majalisar Ɓalewa da AG ta taɓa shiga.

Kafin sunayen 1959, ya kamata ka san dokar da ake naɗin da ita, domin ta sha bamban da abin da aka saba gani yau. Tsarin majalisa ne irin na Ingila. Gwamna-Janar, daga baya Shugaban Ƙasa bayan an zama jamhuriya ranar 1 ga Oktoban 1963, shi ke kiran ɗan majalisar wakilai da ya ga zai samu goyon bayan mafi rinjaye ya naɗa shi Firayim Minista. Sauran ministoci ana naɗa su bisa shawarar Firayim Minista, babu tantancewa a gaban dattawa. Sharaɗin shi ne minista ya kasance ɗan majalisar wakilai ko ta dattawa, kuma wanda ya yi wata 4 a jere yana minista ba shi da kujera a ɗayansu, muƙaminsa ya faɗi. Minista bai ajiye kujerar mazaɓarsa. Da safe yana ofis, in majalisa na zama yana kan bencin gaba yana amsa tambayoyin 'yan adawa da bakinsa. Majalisar ministoci gaba ɗayanta ce ke ɗaukar alhakin duk shawarar da ta yanke, ko da wani a cikinta ya ƙi amincewa a ɗakin taro. Idan ana son shigo da ƙwararre wanda bai tsaya zaɓe ba, ƙofar da ake bi ita ce majalisar dattawa, wadda ke da mutum 12 daga kowane yanki, 4 daga Ikko, da wasu 4 da ake naɗawa bisa shawarar Firayim Minista. Ta majalisar dattawa Dakta Moses Majekodunmi, likitan mata, ya shigo gwamnati.

Zaɓen 12 ga Disamban 1959 an yi shi kan kujeru 312: Arewa 174, Gabas 73, Yamma 62, Ikko 3. NPC ta ci 134, daga baya 'yan takara masu zaman kansu suka bi ta ta kai 148. NCNC da abokiyarta NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano, suka samu 89, AG da ƙawayenta 73. Rinjaye yana buƙatar 157, don haka babu mai iya kafa gwamnati shi kaɗai. Lura da cewa 89 da 73 sun ba da 162, wato NCNC da AG za su iya haɗuwa su bar NPC a adawa, kuma Obafemi Awolowo ya nemi a yi hakan. Nnamdi Azikiwe ya zaɓi tafiya da NPC. Wannan lissafi shi ne ya ba NCNC bakin ciniki, kuma shi ya sa ta fito da kaso mai tsoka: NPC kujeru 10, NCNC 7, ga ma'aikatar kuɗi a hannunta, ga Azikiwe ya zama shugaban majalisar dattawa sannan Gwamna-Janar a watan Nuwamban 1960 bayan tafiyar Sa James Robertson. Awolowo ya zama jagoran adawa, ya bar wa Akintola kujerar Firimiyan Yamma.

A ɓangaren NPC, Ribaɗu ya fara da harkokin Ikko sannan ya karɓi tsaro a 1960. Inuwa Wada na ayyuka da safiyo. Zanna Bukar Dipcharima na ciniki da masana'antu. Yusuf Maitama Sule, yana ɗan shekara 30, ya samu ma'adinai da wutar lantarki. Shehu Shagari ya fara da raya tattalin arziki, aka mai da shi ma'aikatar da ke kula da tsarin ma'aikata da fansho a 1960. Usman Sarki na harkokin cikin gida, Waziri Ibrahim na lafiya, Musa 'Yar'aduwa ya fara da fansho da maye gurbin Turawa da 'yan ƙasa a aikin gwamnati, sannan ya gaji Ribaɗu a harkokin Ikko ya zauna nan har ƙarshe. Idan ka ɗora waɗannan sunaye kan taswirar lardunan Arewa za ka ga ba da ka aka yi ba: Ɓalewa daga Bauci, Ribaɗu daga Adamawa, Wada da Maitama daga Kano, Dipcharima da Waziri Ibrahim daga Barno, Shagari daga Sakkwato, 'Yar'aduwa daga Katsina, Usman Sarki daga Bida. Zazzau ta samu Nuhu Bamalli a matakin ƙaramin minista, Binuwai ta samu Jacob Obande. Yawancinsu tsofaffin malaman makaranta ne ko ma'aikatan En'e, da yawa kuma sun bi ta Kwalejin Katsina ko magajiyarta ta Kaduna. Ribaɗu, alal misali, ma'ajin En'en Adamawa ne kafin siyasa ta ɗauke shi.

A ɓangaren NCNC, Festus Okotie-Eboh ya riƙe kuɗi, kuma shi ne ma'ajin jam'iyyar na ƙasa, abin da ya sa ba mai iya taɓa shi cikin sauƙi. Raymond Njoku na sufuri, Aja Nwachukwu na ilimi, J. M. Johnson na ƙwadago, Olu Akinfosile na sadarwa, T. O. S. Benson na yaɗa labarai, Matthew Mbu ƙaramin minista. A nan akwai abin da mutane kan yi kuskure a kai, suna cewa tun da AG na adawa to babu Yarabawa a gwamnati. Ba haka ba ne. Johnson, Akinfosile da Benson duk sun shigo ta NCNC reshen Yamma da Ikko, Okotie-Eboh kuma mutumin yankin Warri ne, wanda a lokacin yana cikin Yamma kafin a yanke Yamma ta Tsakiya a 1963. Ga kuma Dakta Taslim Elias, masanin shari'a da aka ɗauko daga aikin jami'a a Ingila ya zama Antoni-Janar kuma ministan shari'a a 1960. Abin da ba ya cikin gwamnati shi ne jam'iyyar da ke mulkin Yamma, kuma wannan giɓi ne ya zo ya zama ciwo.

Harkokin waje Ɓalewa ya riƙe su da kansa a shekarar farko ta 'yanci. Sai a 1961 ya miƙa su ga Jaja Wachuku, wanda ya riga ya yi kakakin majalisar wakilai, ya ɗan riƙe raya tattalin arziki, ya kuma shugabanci kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya kan rikicin Kwango. Tashin Wachuku daga raya tattalin arziki ya ba Waziri Ibrahim wannan ma'aikata, shi kuma Majekodunmi ya gaje shi a lafiya. A kula, Jaja Wachuku daban, Aja Nwachukwu daban; ana yawan haɗe su a rubutu. Haka ma Waziri Ibrahim minista daban yake da Ibrahim Jalo Waziri na Gwambe, wanda ya zama kakakin majalisar wakilai daga 1960 har juyin mulki, kuma dukansu daban suke da Sa Kashim Ibrahim, Gwamnan Jihar Arewa.

Wurin da ya fi cancanta a tsaya a kai shi ne nauyin ma'aikatun, domin sunan ma'aikata a wancan zamani yana iya yaudarar wanda ya saba da Nijeriyar yau. Tsarin mulki ya raba ayyuka gida uku. Na tarayya kaɗai: tsaro, harkokin waje, takardun kuɗi, kwastan, jirgin ƙasa, tashoshin jiragen ruwa, jiragen sama, gidan waya, ma'adinai, shige da fice. Na haɗin gwiwa, irin su ilimi mai zurfi, ƙwadago da bunƙasa masana'antu. Duk abin da ba a lissafa ba kuma na yankuna ne, kuma a nan rayuwar talaka take: makarantun firamare da sakandare, asibitoci, noma, ƙasa, ƙananan hukumomi, kotunan alƙalai. Saboda haka ministan ilimi na tarayya ba shi da iko kan ko da makarantar elemantare ɗaya a Kano. Wannan aikin Isa Kaita ne a Kaduna. Ikonsa ya tsaya ga makarantun Ikko, Jami'ar Badun, Jami'ar Ikko da aka buɗe a 1962, da tallafin karatu na tarayya. Ministan lafiya ma haka. Ma'aikatar noma kuwa babu ita kwata-kwata a tarayya, domin gyaɗa da auduga da koko da manja duk suna ƙarƙashin hukumomin sayen amfanin gona na yankuna tun 1954, kuma rarar kuɗinsu a baitulmalin yankuna take sauka. Sai a majalisar 1965 aka ƙirƙiri ma'aikatar albarkatun ƙasa da bincike. Ma'aikatar man fetur ma babu. An samu mai a Oloibiri a 1956, an fara fitar da shi a 1958, amma yana ƙarƙashin ma'adinai da wutar lantarki, wato teburin Maitama Sule, tare da hukumar lantarki ta ECN da hukumar madatsun ruwan Neja da aka kafa a 1962, wadda ta fara aikin Kainji a 1964. Ko a wannan ma, rabon da kwamitin Raisman ya tsara a 1958 ya ba yankin da aka haƙo ma'adini kashi 50 cikin 100 na kuɗin haya da na haƙa, tarayya 20, sauran 30 a zuba asusun da ake raba wa yankuna.

Idan ka auna da wannan ma'auni za ka ga NPC ta san abin da take yi. Ta bar wa NCNC ilimi, ƙwadago, yaɗa labarai da sadarwa, ta riƙe tsaro, cikin gida, ayyuka, ma'adinai, ciniki, tsarin ma'aikata da mulkin Ikko, 'yan sandan tarayya kuma suna ƙarƙashin ofishin Firayim Minista. Ma'aikatar tsarin ma'aikata ba ta da kwarjini a idon jama'a, amma ita ke duba yadda ake cike guraben da Turawa ke bari, a lokacin da 'yan Arewa ba su da yawa a aikin tarayya. A tsaro, zamanin Ribaɗu ne aka sa ƙa'idar ɗaukar hafsoshi a 1961, rabi daga Arewa, kwata daga Gabas, kwata daga Yamma. A zamaninsa aka soke yarjejeniyar tsaro da Ingila a Janairun 1962 bayan zanga-zangar ɗalibai. A 1964 kuma aka kafa rundunar sojan sama, makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna da masana'antar kayan yaƙi. Babbar kujerar da ta kuɓuce wa NPC tun farko ita ce kuɗi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin babu aikin da zai motsa sai baitulmali ya sa hannu, kuma Babban Banki da ya fara aiki a Yulin 1959 yana ƙarƙashin kulawar wannan ma'aikata. Okotie-Eboh ya fi jituwa da shugabannin NPC fiye da yadda wasu 'yan jam'iyyarsa suke so, shi ya sa tafiyar ta ɗore.

Su ma muƙaman hawa-hawa ne, kuma a nan masu ƙirga ke rikicewa. Akwai cikakken minista mai ma'aikata wanda ke zama a majalisar ministoci. Akwai ƙaramin minista, wanda ake ba wani sashe a cikin babbar ma'aikata, kamar yadda aka yi wa tsaro ƙananan ministoci na sojan ƙasa, na ruwa da na sama. Mbu ya riƙe na ruwa, Shettima Ali Monguno na sama, Ibrahim Tako Galadima na ƙasa. Wasu ƙananan ministoci ana ba su damar zama a majalisar, wasu ba a ba su. Ƙasa da su akwai sakataren minista a majalisa, ɗan majalisa ne da ke taimaka wa minista wajen amsa tambayoyi da bin diddigin ƙudurori. Shagari ya yi wa Ɓalewa wannan aiki kafin ya zama minista. Sai babban sakatare, wanda ba ɗan siyasa ba ne, ma'aikacin gwamnati ne, shi ke riƙe da lissafin kuɗin ma'aikata kuma yana nan ko an canza minista. Wani marubuci zai ƙirga rukuni na farko kawai, wani ya haɗa da na biyu, wani ya zuba har na uku. Duk su ukun suna iya zama daidai, kuma adadinsu ya bambanta sosai.

Yadda shawara ke bi kuwa, ma'aikata ce ke rubuta takardar neman amincewa, babban sakatare ya tsara ta, a nemi ra'ayin ma'aikatar kuɗi in akwai kashe kuɗi a ciki, a nemi na Antoni-Janar in doka za a yi, minista ya sa hannu, ofishin sakataren majalisar ministoci ya raba wa kowa kafin ranar zama. Wannan ofishi Peter Stallard ne ya riƙe shi da farko, sannan Stanley Wey. A takarda, magana ta ƙare da zarar majalisa ta yanke. A zahiri, manyan batutuwa sukan zo an riga an tauna su a wani wuri. Shugaban NPC Sardaunan Sakkwato ne, Sa Ahmadu Bello, yana Kaduna a matsayin Firimiya, Ɓalewa mataimakinsa ne a jam'iyya. Shugaban NCNC bayan Azikiwe, Dakta Michael Okpara, yana Inugu a matsayin Firimiyan Gabas. Tikitin takarar kowane minista a hannun jam'iyyarsa ta yanki yake. Masu cewa Ɓalewa ɗan aiken Sardauna ne kawai sun zarce gona da iri. A harkokin waje musamman ya bi ra'ayinsa ko da Kaduna ba ta ji daɗi ba, misali barin hulɗa da Isra'ila ta ci gaba a matakin tarayya alhali gwamnatin Arewa ta ƙi karɓar taimakonta. Amma gaskiya ne ba shi da sararin korar ministan NCNC ba tare da ya girgiza gwamnatin gamin gambizar ba, kuma ba zai cire na wani babban lardin Arewa ba tare da an nemi wanda zai maye gurbinsa daga can ba.

Sauye-sauyen tsakiya suna da sauƙin bi in ka san dalilinsu. A 1962 Usman Sarki ya zama Etsu Nupe, ya bar cikin gida, Shagari ya gaje shi. A ƙarshen watan Mayun wannan shekara rikicin cikin gida na AG tsakanin Awolowo da Akintola ya kai ga majalisar tarayya ta sa dokar ta-ɓaci a Yamma, aka tura Majekodunmi kantoma har ƙarshen Disamba. A nan ne aka ga illar barin jam'iyyar da ke mulkin yanki guda a waje: gwamnatin tarayya ta zama alƙali a rigimar abokiyar hamayyarta, kuma duk abin da ta yi, ko da bisa doka ne, magoya bayan Awolowo sun ɗauke shi a matsayin ɗaukar ɓangare. An ɗaure Awolowo shekara 10 a Satumban 1963. Akintola ya kafa sabuwar jam'iyya, NNDP, a Maris ɗin 1964, ya kwashe da yawa daga 'yan NCNC na Yamma. Ƙidayar 1963 ta ba Arewa mutum miliyan 29.8 cikin 55.6, NCNC ta yi watsi da sakamakon alhali ministocinta na zaune a gwamnatin da ta amince da shi. Ƙa'idar ɗaukar alhaki tare ta riga ta mutu tun daga nan, sai dai ba wanda ya yarda ya ajiye kujera.

Zaɓen 30 ga Disamban 1964 ya zo da abin mamaki: ministocin gwamnati ɗaya suna yaƙin neman zaɓe a ƙawance biyu masu gaba da juna. NPC da NNDP suna NNA, NCNC da AG da NEPU da UMBC, jam'iyyar Arewa ta Tsakiya, suna UPGA. An sake rabon kujerun 312: Arewa 167, Gabas 70, Yamma 57, Yamma ta Tsakiya 14, Ikko 4. UPGA ta ƙaurace wa zaɓen, Azikiwe ya ƙi kiran Ɓalewa ya kafa gwamnati, ƙasa ta yi kwanaki ba a san inda aka dosa ba, har manyan alƙalai biyu, Sa Adetokunbo Ademola da Sa Louis Mbanefo, suka shiga tsakani. Ranar 4 ga Janairun 1965 aka daidaita kan cewa Ɓalewa zai kafa gwamnati mai faɗi, a kuma yi zaɓen cike gurbi inda ba a yi ba, wanda aka yi a watan Maris. NPC ita kaɗai ta samu kujeru 162, wato ba ta buƙatar kowa a lissafi. Duk da haka sai da ta riƙe NCNC don kada Gabas ta ɓalle, ta kuma saka wa NNDP, sabuwar ƙawarta.

Ba a samu isassun kujeru ba, sai aka ƙirƙiro su ta hanyar tsaga ma'aikatu. Ciniki da masana'antu ta zama biyu: K. O. Mbadiwe na NCNC ya ɗauki ciniki, Augustus Akinloye na NNDP ya ɗauki masana'antu, Dipcharima ya koma sufuri, Njoku ya koma sadarwa. An yanke safiyo daga ayyuka aka haɗa da gidaje aka ba Adeniran Ogunsanya. Richard Akinjide ya karɓi ilimi, Ayo Rosiji yaɗa labarai, dukansu na NNDP. An ɗauke Wachuku daga harkokin waje zuwa jiragen sama, Firayim Minista ya sake riƙe ma'aikatar na wani lokaci kafin a damƙa ta ga Nuhu Bamalli. Ƙananan ministoci suka yawaita ƙwarai. AG dai an sake barin ta a waje. Rasuwar Ribaɗu ranar 1 ga Mayun 1965 ta jawo wani jerin canji: Inuwa Wada ya koma tsaro, Shagari ya gaje shi a ayyuka, Ali Monguno ya gaji Shagari a cikin gida. Rashin Ribaɗu babban giɓi ne, domin shi ake kallo a matsayin na biyu a gwamnati, kuma yana cikin 'yan ƙalilan da Kaduna da Ikko duka ke jin maganarsu.

A ganinmu wannan majalisa ta uku ita ce mafi rauni duk da ita ce mafi girma. NCNC da NNDP suna zaune ɗaki ɗaya a Ikko suna kuma farautar juna a Yamma. Ma'aikata ta zama makamin jam'iyya: a 1965 rigimar sauya shugaban Jami'ar Ikko, daga Eni Njoku zuwa Saburi Biobaku, ta rikiɗe ta zama faɗan Ibo da Yarabawa har aka rufe jami'ar. Bayan zaɓen Yamma na Oktoban 1965 aka shiga ƙone-ƙone da kashe-kashe, majalisar ba ta iya tsayar da magana ɗaya ba, domin duk matakin da za a ɗauka zai taɓa ɗaya daga abokan zaman.

Wasu sunaye kuma ka cire su daga jerinka in ka gan su. Makaman Bida Aliyu da Isa Kaita ministocin Jihar Arewa ne, ba na tarayya ba. Malam Aminu Kano ya shiga majalisar wakilai a 1959 kuma NEPU na cikin ƙawancen gwamnati ta hanyar NCNC, amma bai zama minista ba, mataimakin bulaliyar gwamnati ya riƙe. Awolowo bai taɓa zama ministan Ɓalewa ba. Babu mace ko ɗaya a cikin majalisun uku. Wuraola Esan ta shiga majalisar dattawa a 1960, matan Arewa kuwa ko ƙuri'a ba su da ita a lokacin.

Tsarin bai tanadi kujerar mataimakin Firayim Minista ba, kuma an ga sakamakon haka ranar 15 ga Janairun 1966. Sojoji sun ɗauke Ɓalewa da Okotie-Eboh a Ikko suka kashe su, suka kashe Sardauna a Kaduna da Akintola a Badun. Azikiwe yana ƙasar waje, shugaban majalisar dattawa Nwafor Orizu ne ke riƙon ƙwarya, kuma ikon naɗa wanda zai riƙe gwamnati a hannunsa yake. Ministocin NPC da ƙawayensu suka tsayar da Dipcharima, na NCNC suka gabatar da Mbadiwe. Orizu bai rantsar da kowa ba. A daren 16 ga wata ya sanar ta rediyo cewa an miƙa mulki ga Manjo-Janar Aguiyi-Ironsi. Daga nan manyan sakatarori ne suka riƙa tafiyar da ma'aikatu ba tare da 'yan siyasa a kansu ba, har watan Yunin 1967 da Yakubu Gowon ya naɗa farar hula da sunan kwamishinonin tarayya, ciki har da Awolowo a kuɗi, Aminu Kano a sadarwa, da Ali Monguno daga cikin tsofaffin ministocin Ɓalewa.